Hanya ta 66 a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Kallo da Ciye-ciye a Doguwar Tafiya

Tsakanin birnin Shikago da gaɓar tekun Fasifik akwai wata tsohuwar hanya da gwamnatin Amurka ta cire daga jerin manyan hanyoyinta tun 1985, amma har gobe mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa don kawai su bi ta. A allunan gefen titi za ka ga an rubuta Route 66. Ga tambayoyin da masu niyyar wannan tafiya suka fi yi, musamman waɗanda kallon gari da ɗanɗana girkin kowane yanki ne ya fito da su.

Wace hanya ce wannan, me ya sa ake ta maganarta?

An ba ta lambarta a hukumance ranar 11 ga Nuwamba, 1926. Tsawonta mil 2,448 ne, wato kusan kilomita 3,940, kuma ta ratsa jihohi takwas: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Texas, New Mexico, Arizona da Kalifoniya. Kansas dai shafa kawai aka yi mata, don rabonta bai wuce kilomita 21 ba. Sai a 1938 aka gama shimfiɗa hanyar tun daga farko har ƙarshe.

Sunanta ya fito ne a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka kashe gonaki a Oklahoma da maƙwabtanta, manoma suka loda iyali da komatsai a tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman na sawa a baka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta zama hanyar masu tafiya hutu. Kowane ƙaramin gari da ta ratsa sai ya tashi da gidan mai, masauki da wurin cin abinci, kowa na neman dabarar da za ta sa direba ya taka birki a ƙofarsa. Wannan gasa ce ta haifi yawancin abubuwan da ake zuwa kallo yau.

Tunda an soke ta, ana iya bin ta kuwa?

Ana iya bin mafi yawanta, sai dai ba a miƙe ba. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan tagwayen hanyoyi tsakanin jihohi, sababbin hanyoyin kuwa suka riƙa kewaye garuruwa maimakon ratsa su. Garin Williams na Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a 1984. Yanzu wani wurin tsohuwar hanyar na tafiya kafaɗa da kafaɗa da sabuwar, wani wurin ta zama babban titin cikin gari, wani wurin kuma an binne ta ƙarƙashin sabuwar, dole ka hau babbar hanya na ɗan lokaci.

Abin da ke ruɗa baƙo shi ne taswirar waya. Idan ka ce mata ta kai ka gari na gaba, kan babbar hanya za ta ɗora ka, don ita sauri ta sani. Sai ka isa lafiya ba ka ga komai ba. Ka nemi taswirar da aka yi musamman don wannan hanya, ka kuma sa ido kan alluna masu ruwan ƙasa da ke nuna tsohon layin.

Kwana nawa zan ware?

Mako biyu shi ne mafi ƙaranci idan da gaske kallo ka zo. Hakan na nufin kusan kilomita 280 a rana, abin da zai bar maka lokacin tsayawa sau huɗu ko biyar. Mako uku ya fi. Mai kwana biyar kacal gara ya zaɓi yanki ɗaya, misali daga Albuquerque zuwa Kingman, ya bi shi a natse.

Daga gabas zan fara ko daga yamma?

Daga gabas. Haka masu ƙaura suka bi ta, kuma haka ƙasar ta fi daɗin kallo: ka fara da gonakin masara, ka shiga tuddai masu dazuzzuka a Missouri, ka fito fili fetal a Texas, sannan jajayen duwatsu da hamada, ka ƙare da teku. Abin lura ɗaya: da la'asar rana za ta riƙa dukan idonka kai tsaye, don haka ka yi sammako ka sauka da wuri. Ribar kuma ita ce sau biyu agogo zai koma baya da awa guda.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Watan Mayu, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A Yuli da Agusta zafin hamadar Mojave yakan haura digiri 45 a garin Needles. Da hunturu kuwa dusar ƙanƙara na zuba a Shikago, haka ma a Flagstaff da ke kan tudu mai tsayin mita 2,100, ga shi ƙananan wurare da dama na rufewa sai bazara. Mai zuwa tsakanin Afrilu da Yuni ya riƙa sauraron hasashen yanayi a Oklahoma da arewacin Texas, don lokacin ne mahaukaciyar guguwa ta fi tashi.

Me zan fara ci a Illinois da Missouri?

A Shikago akwai fiza mai zurfi da ake gasawa a kasko, cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama. Takan ɗauki fiye da rabin awa kafin ta fito, kuma yanka biyu sun ishi ƙato. A ganina abin da ya fi ta dacewa da matafiyi shi ne Italian beef: naman sa da aka yanka siriri, aka cusa a dogon burodi da yajin kayan lambu, a tsoma shi cikin romon naman idan ka yarda. A tsaye ake ci, a sunkuye, don romon na bin hannu har gwiwa. Karin kumallon fita gari kuwa al'adar masu wannan tafiya ce su yi shi a Lou Mitchell's, wanda ke aiki tun 1923.

A Springfield ta Illinois, inda gida da kabarin Abraham Lincoln suke, Cozy Dog na sayar da tsiran nama da aka tsoma a ƙullun masara aka soya a jikin tsinke tun shekarun 1940. A St. Louis sai ka tsaya a Ted Drewes, reshen titin Chippewa da aka buɗe a 1941. Daskararriyar madara da ƙwai suke sayarwa, mai kauri har mai miƙo maka yakan kifa kofin a gabanka don ka ga ba ta zuba.

An ce akwai inda ake cin nama kyauta a Texas. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, da sharaɗi. Big Texan da ke Amarillo, wanda aka buɗe a 1960, na ajiye gasasshen naman sa mai nauyin oza 72, kusan kilo biyu, tare da gasasshen dankalin turawa, jatan lande, salak da burodi. Ka cinye duka cikin awa ɗaya, ba ka biya ko sisi. Ka kasa, ka biya. A kan dandamali ake zaunar da kai, agogo na ƙirga, jama'a na kallo. Shawarata ka zama ɗan kallo. Wanda ya ci nasara ma ya yi asarar washegari.

Abincin da ya fi wannan ba da labarin yankin yana baya, a El Reno ta Oklahoma. Can ake danna tulin albasa da aka yanka siriri cikin ɗan dunƙulen niƙaƙƙen nama a kan faranti mai zafi, har albasar ta yi ja ta manne da naman. Talauci ne ya ƙirƙiro shi: nama na tsada, albasa na araha, sai aka cika ciki da albasa. Yau mutane na layi a kansa.

Akwai kuma chicken-fried steak, wanda sunansa ke yaudarar baƙo. Babu kaza a ciki. Naman sa ne da aka bubbuga ya yi laushi, aka turbuɗa a fulawa, aka soya yadda ake soya kaza, aka kwarara masa farar miya ta madara da masoro. Idan ka wuce Amarillo kaɗan za ka isa Adrian, tsakiyar hanya bayan an miƙar da ita ta rage tsawo: mil 1,139 ta kowane ɓangare.

A New Mexico an tambaye ni "ja ko kore?" Me ake nufi?

Miyar barkono ake nufi, kuma tambayar ta shiga jinin mutanen jihar har majalisarsu ta amince da ita a matsayin tambayar jiha. Barkonon iri ɗaya ne. Idan aka tsinke shi ɗanye, sai a gasa shi a wuta, a ɓare fatar, a yanka: wannan shi ne kore, mai ƙanshin hayaƙi. Idan aka bar shi ya nuna, aka shanya, aka niƙa, shi ne ja, ɗanɗanonsa ya fi nauyi da zurfi. Wanda ya fi yaji ya danganta da gona da shekara, don haka ka tambayi mai kawo abincin wanne ya fi zafi a ranar. Idan ka rasa na zaɓa ka ce "Christmas", za a zuba maka duka biyun, rabi da rabi.

Nan ne, a ra'ayina, abinci ya fi ko'ina daɗi a duk tsawon hanyar, kuma nan ya kamata ka rage gudu. Girkin ya haɗa hannun 'yan asalin ƙasar na Pueblo da na Sifaniyawan da suka kafa Santa Fe a 1610, ya bambanta da na Meziko, ya bambanta da na Texas. Ka gwada enchilada, gurasar shuɗiyar masara da ake jerawa hawa-hawa, a ɗora soyayyen ƙwai a kai. Ka gwada sopaipilla, soyayyen ƙullin fulawa da ke kumbura kamar matashi, a huda a zuba zuma; ita ce ke kashe wutar barkonon a baki, ruwa ba ya yi. Wanda ya zo daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba zai tarar ana gasa barkonon kwarin Hatch a manyan gangunan ƙarfe masu juyawa a bakin kantuna, ƙanshin ya cika unguwa.

Santa Fe kanta tana kan layin farko ne, wanda aka daina bi a 1937 da aka miƙar da hanyar zuwa Albuquerque. Ratsen ya cancanci man da za ka ƙona.

Zan iya shiga garuruwan 'yan asalin ƙasar?

Wasu na karɓar baƙi, bisa dokokinsu. Acoma, garin da ke kan falalen dutse mai tsayin fiye da mita 100 a yammacin Albuquerque, yana cikin wuraren da suka fi daɗewa da mutane a cikinsu ba yankewa a Amurka. Ba a shiga sai da ɗan jagora, hoto sai da izini, wasu ranakun kuma a rufe yake saboda bukukuwan addini. Gidajen mutane ne, ka shiga da ladabin baƙo.

A ƙasar Navajo da kewayenta za ka ga ana sayar da soyayyen burodi mai faɗi, a ci da zuma ko a ɗora masa wake da nama da cuku. Asalinsa na da ɗaci. A 1864 sojoji suka tilasta wa dubban 'yan Navajo tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙafa zuwa Bosque Redondo, inda aka tsare su, ana ba su fulawa, gishiri, sukari da kitse. Daga wannan rabon aka fara yin sa. Farfesun naman tunkiya ma nasu ne, ka nema.

Ba na cin naman alade. Zan wahala?

Ba za ka kwana da yunwa ba, amma sai ka riƙa tambaya, don alade na ɓuya a inda ba ka zata ba. Karin kumallon gidajen abinci na gefen hanya kusan kullum da naman alade yake zuwa, kuma a faranti ɗaya ake soya komai. A New Mexico carne adovada alade ne, posole ma galibi haka, miyar koren barkono kan zo da shi a gidaje da yawa. Kitsen alade, wanda suke kira lard, yana shiga dakakken wake, tamale, wasu gurasun fulawa da ɓawon kek ɗin 'ya'yan itace. Ka haddace wannan kalma, ka tambaya kai tsaye. Ba sa jin haushi; sun saba da masu cewa ba sa cin wannan ko wancan.

Mai neman yankan halal zai samu a manyan birane. Titin Devon a Shikago cike yake da irin waɗannan wurare, St. Louis na da al'ummar 'yan Bosniya masu yawa tun shekarun 1990, Los Angeles kuwa ba a magana. A ƙananan garuruwa sai ka koma kan ƙwai, kifi, cuku, wake da kayan lambu.

Ta yaya zan gane gidan abincin kirki?

Dubi motocin da ke ƙofa. Idan akori-kura ce ta manoma da ma'aikata masu lambar jihar, shiga. Idan motocin haya ne kawai da kantin tsaraba da ya fi ɗakin girki girma, ka ɗauki hoto ka wuce. Matambayi ba ya ɓata: ka tambayi mai masaukinka inda shi da kansa yake ci. Ka sani kuma yawancin tsofaffin wuraren nan na rufewa da ƙarfe biyu ko uku na rana, wasu ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin.

Kwanon Amurka babba ne. Idan ku biyu ne, ku sayi ɗaya ku raba, don ku bar wa gari na gaba wuri. Cin nauyi da rana kuma gyangyaɗi yake kawowa a bayan sitiyari, a hanyar da za ka yi rabin awa ba ka juya kan mota ba.

Idan ba zan iya ganin duka ba, me zai zama dole?

A St. Louis akwai bakan ƙarfe mai tsayin mita 192 da aka kammala a 1965, ana hawa har ƙololuwa, da gadar Chain of Rocks ta 1929 mai lanƙwasa a tsakiyar kogin Misisifi, wadda yanzu ƙafa da keke kawai ke bi. A Oklahoma, tsakanin Miami da Afton, akwai ragowar titi mai faɗin ƙafa tara kacal. Kusa da Amarillo motoci ƙirar Cadillac guda goma ne aka kafa da ka a cikin gona tun 1974, kowa na zuwa da fenti ya fesa abin da ya ga dama.

Arizona ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Gandun Petrified Forest na da kututturan itatuwa da suka rikiɗe suka zama dutse fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Ɗaukar ko ɗan tsakuwa laifi ne. Gaba kaɗan akwai ramin da dutsen sama ya haƙa shekara kusan 50,000 baya, faɗinsa kilomita 1.2. A Seligman wani mai aski, Angel Delgadillo, ya tara jama'a a 1987 suka kafa ƙungiyar da ta matsa har jihar ta amince da hanyar a matsayin ta tarihi. Daga shagonsa farfaɗowar ta fara. Daga Kingman kuma hanya na hawa dutse tana murɗewa kamar maciji har Oatman, tsohon garin masu haƙar zinariya, inda jikokin jakunan da suka bari ke yawo a tsakiyar titi suna leƙa tagogin motoci.

Makeken kwazazzabon nan, Grand Canyon, a kan hanyar yake?

A'a. Bakinsa na kudu na da nisan kusan kilomita 95 daga Williams, ana zuwa a mota ko a jirgin ƙasa. Ka ƙara kwana ɗaya ka je.

Baƙar fata zai iya wannan tafiya hankali kwance?

Yau ana yi, iyalai na yi. Amma tarihin ya kamata a san shi, don hotunan da ake tallata hanyar da su ba sa nuna shi. A zamanin da take tashe, masaukai da gidajen abinci da yawa ba sa karɓar baƙar fata, akwai kuma garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi baƙi na cikinsu ba. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya, Victor Hugo Green, ya fara buga littafin jagora a 1936 mai jera wuraren da za su karɓe su, wanda aka sani da Green Book. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta haramta wannan wariya. A Luther ta Oklahoma ginin gidan man iyalin Threatt, wanda baƙar fata suka mallaka, na nan tsaye. A Tulsa kuma ka ziyarci unguwar Greenwood, wadda fararen fata suka ƙone a 1921.

Mota, doka da kuɗi fa?

Idan ka ɗauki motar haya a Shikago ka ajiye a Los Angeles, akwai ƙarin kuɗin ajiyewa a wani gari, kuma yakan yi nauyi. Ka tambaya kafin ka sa hannu. Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi. Ana tuƙi a hannun dama, nisa da mil ake auna shi, mai kuma da galan, kusan lita 3.8. Idan motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya tana walƙiya da jar fitila, kai ma ka tsaya cak. Ɗan sanda ya tsayar da kai, kada ka fito: ka zauna, hannu a kan sitiyari. Lambar gaggawa 911 ce.

Farashin da ke rubuce bai haɗa da harajin saye ba, sai wajen biya ake ɗorawa. A gidan abincin da ake kawo maka har tebur, tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kamar wajibi ne, don da shi ma'aikatan ke rayuwa. Ka riƙe 'yan daloli a hannu, wasu ƙananan wurare ba sa karɓar kati.

Yaya zan ratsa hamada?

Da sassafe, da tanki cike, da ruwan sha fiye da yadda kake jin za ka buƙata. Tsakanin Needles da Barstow gidajen mai na da nisa da juna, sabis ɗin waya na ɗaukewa, kuma ambaliya ta lalata wasu gadoji a tsohon layin, don haka ka bincika inda aka rufe kafin ka tashi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama kan sauko kwatsam a Arizona da New Mexico. Kada ka tsunduma mota cikin ruwan da ke gudu a kan titi. Da ka shiga Kalifoniya akwai shingen jami'an aikin gona, za su iya tambayarka 'ya'yan itacen da ka ɗauko. Agogo ma na da nasa rikicin: Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, amma ƙasar Navajo da ke cikinta na sauyawa.

A ina take ƙarewa?

Da farko a tsakiyar Los Angeles ta tsaya, sai a 1936 aka ja ta zuwa Santa Monica, mahaɗar titunan Lincoln da Olympic. Wurin mahaɗa ce kamar kowace, babu abin kallo. Shi ya sa kowa ke ƙarasawa kan gadar katakon da ta shiga teku, inda aka kafa allon ƙarshen hanya a 2009. Wurin ajiye mota a can na cika da wuri, musamman Asabar da Lahadi. Gara ka bar ta a cikin gari ka taka sauran da ƙafa.